Dukanmu Ƴan Indiya Ne: Sharhi a Kan Wani Darasin Ingilishi na Ƴan Aji Biyu



Galibinmu ta hanyar fim muka san Indiya. Mun san rawarsu da waƙarsu, mun san yadda suke biki da yadda suke kuka, har akwai waɗanda suka tsinci ɗan yaren ba tare da sun taɓa taka ƙasar ba. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar kansu: shi yaron Indiya fa, ta wace hanya yake sanin Indiya? Ƙasa ce mai mutane sama da biliyan 1 da miliyan 400, inda mutumin kudu zai iya zuwa arewa ya kasa tambayar hanya. To me ake faɗa wa ɗan shekara bakwai har ya yarda cewa shi da wancan ɗin ƴan gida ɗaya ne?

Wannan tambaya ce ta kai ni ga wani ƙaramin littafi mai suna Mridang, littafin koyon Ingilishi na aji ɗaya da aji biyu na firamare. Hukumar NCERT ce ta wallafa shi, wato hukumar gwamnatin tarayyar Indiya mai kula da manhaja da littattafan makaranta, wadda aka kafa a 1961. Ya fito a 2023, bayan sabon tsarin ilimi na ƙasa na 2020, kuma shi ya maye gurbin wani tsohon littafi mai suna Marigold. Hukumar na saka littattafanta kyauta a intanet, don haka duk mai so zai iya saukewa ya duba da idonsa. Ita kalmar Mridang sunan wata doguwar ganga ce mai baki biyu da ake bugawa da hannu. Darasin ƙarshe na littafin aji biyu shi ne abin da ya ja hankalina. Ma'anar takensa da Hausa ita ce: dukanmu ƴan Indiya ne.

Yadda darasin yake

Ba labari ba ne, ba kuma waƙa ba. Yara ne daga jihohi daban-daban suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da hotonsa cikin tufafin yankinsu, ya gabatar da kansa da gajerun jimloli uku ko huɗu. Ya faɗi sunansa, ya faɗi jihar da ya fito, sau da yawa ya faɗi harshen da yake yi, sa'annan ya kawo wani abu da yake so. Yarinyar Tamil Nadu tana son bikin Pongal. Yaron Gujarat yana son rawar Garba. Yarinyar Rajastan tana da tufafi masu launi da wasan ƴartsana da raƙumi. Bayan yaro ya gama, sai a juyo da tambaya ga mai karatu: kai fa, me za ka ce game da kanka?

Aiki biyu darasin yake yi a lokaci guda. A fili yana koyar da jimlolin da kowane mai koyon harshe yake fara buƙata: ni ne wane, daga wuri kaza nake, ina jin yare kaza. A ƙarƙashin wannan kuma yana zana wa yaro taswirar ƙasarsa a zuciya. Aikin farko ya yi shi da kyau. A kan na biyun ne nake da magana.

Abin yabo

Yabon gwani ya zama dole, don haka bari in fara da shi. Na farko, ginin darasin daidai yake da kan yaro. Jimla ɗaya ce take ta dawowa, ana canza suna da wuri kawai. Kafin yaro ya kai ƙarshe, jimlar ta zauna masa a baki ba tare da an ce masa ga suna ga aikatau ba. Duk wanda ya taɓa koyar da ƙananan yara ya san maimaici irin wannan ya fi doguwar ƙa'ida amfani.

Na biyu, tambayar da ake juyowa da ita. Ita ce ran darasin. Da zarar an tambayi yaro harshen da ake yi a gidansu, ya tashi daga mai kallon hoto ya zama ɗaya daga cikin masu magana. Littafin ma yana ɗauke da ƴan bayanai ga malami a ƙasan shafuka, kuma tsarin 2020 da aka gina shi a kai yana ƙarfafa amfani da harshen gida a shekarun farko na karatu.

Na uku, yaro yana ganin irinsa a cikin littafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna inda aka fito. A 1835 ne Thomas Macaulay ya rubuta shahararriyar takardarsa yana neman a maida kuɗin ilimin Indiya ga koyar da Ingilishi, da nufin a samar da wani rukuni na Indiyawa masu tunani da ɗanɗano irin na Ingilawa. Sama da shekara ɗari bayan haka, yaran Indiya da dama sun ci gaba da koyon Ingilishi da labaran ƙanƙara da furannin Ingila waɗanda ba su taɓa gani ba. A 1967 Anant Pai ya fara fitar da littattafan hoto na Amar Chitra Katha, bayan ya ga yara a wata gasar kacici-kacici ta talabijin sun amsa tambayoyi a kan tatsuniyoyin Girka amma sun kasa amsa tambaya a kan Ramayana, labarin da kakanninsu suka tashi da shi. Mridang na cikin wannan doguwar tafiya ta maida Ingilishi ya ɗauki kayan gida.

Me ya sa da Ingilishi?

Mai karatu zai iya cewa, ai abin mamaki ne a ce da harshen wanda ya mulke su ne za a gaya wa yara cewa su ƴan'uwan juna ne. Dalilin yana cikin tarihi. Kundin tsarin mulkin 1950 ya sanya Hindi a matsayin harshen aikin gwamnatin tarayya, ya ba Ingilishi wa'adin shekara 15. Da wa'adin ya cika a 1965, sai kudu ta ɗauki zafi, musamman jihar Madras wadda yanzu ake kira Tamil Nadu, har aka rasa rayuka. A 1967 aka gyara dokar harsunan aiki ta yadda Ingilishi zai ci gaba da tafiya tare da Hindi. A ƙidayar 2011, mutanen da suka ce Ingilishi ne harshen uwarsu ba su kai dubu 300 ba. To wannan rashin gatan shi ne gatansa: tunda ba na kowa ba ne, ba wanda zai ce an ɗora masa harshen maƙwabci.

Har yau ciwon bai warke ba. A 2025 ministan ilimi na jihar Kerala, V. Sivankutty, ya soki yadda aka sa wa littattafan Ingilishi sunaye irin su Mridang da Santoor da Poorvi, yana ganin hanya ce ta cusa Hindi. Hukumar ta amsa cewa sunayen kayan kiɗa ne da na salon waƙa da ƙasar ta gada. Ashe tun daga bangon littafi an fara jayayya a kan mene ne na kowa da kowa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa darasin da muke magana a kai ba wasan yara ba ne.

Jiha ɗaya, harshe ɗaya

Matsalata ta farko da darasin ita ce lissafin da yake koya wa yaro a ɓoye: jiha ɗaya, harshe ɗaya, biki ɗaya. Lissafin yana da tushe. A Disamba 1952 Potti Sriramulu ya rasu bayan yajin cin abinci yana neman a ba masu jin Telugu jiharsu, a 1953 aka kafa jihar Andhra, a 1956 kuma aka sake shata iyakokin jihohi bisa harshe. A 1960 aka raba jihar Bombay gida biyu, Gujarat da Maharashtra. Don haka idan littafi ya haɗa Gujarat da Gujarati, bai yi ƙarya ba.

Sai dai gaskiyar ba ta cika ba. Indiya na da jihohi 28 da yankuna 8 da ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya, kundin tsarin mulki ya lissafa harsuna 22, ƙidayar 2011 kuwa ta fitar da harsuna 121 waɗanda kowanne ke da masu magana dubu 10 ko fiye. Masu jin Bhojpuri sun haura miliyan 50, amma a ƙarƙashin Hindi ake ƙirga su. Masu jin Urdu su ma sun haura miliyan 50, a warwatse cikin jihohi da dama. Masu jin Santali sun fi miliyan 7, sun bazu a Jharkhand da Bengal ta Yamma da Odisha da Bihar. Masu jin Gondi suna kusan miliyan 3, kuma harshensu ba ya cikin 22 ɗin nan. Waɗannan duka ba su da jihar da aka raɗa wa sunan harshensu.

Mu ɗauki yarinya a wata unguwar talakawa ta Mumbai. Iyayenta daga Bihar suka zo neman abinci. A ɗaki Bhojpuri ake yi, a titi Hindi, allunan gari da Marathi aka rubuta su, a aji kuma ga Ingilishi. Idan malama ta ce ta tashi ta gabatar da kanta kamar yaran littafi, daga ina za ta ce ta fito, kuma wane harshe za ta ambata? Jimlar da aka koya mata gurbi ɗaya gare ta, ita kuwa amsa huɗu gare ta. Yaro mai wayo yakan gane amsar da malami yake so ya ba da ita. Abin da ya rage kuwa ya haɗiye shi, ya koyi cewa ba na aji ba ne.

Al'adar fareti

Matsala ta biyu ita ce irin al'adar da aka zaɓa. Kowace ranar 26 ga Janairu ana yin faretin Ranar Jamhuriya a Delhi, inda jihohi ke fito da motocin da aka ƙawata, wannan da masu rawa, wancan da siffar wurin ibada ko sana'ar hannu. Darasin nan kamar wannan faretin ne aka maida shi takarda. Kowa ya wuce da kwalliyarsa, ya ɗaga hannu, na gaba ya shigo. Yaran suna magana, amma da mai karatu suke yi. Ba mu ga abin da ya haɗa su wuri ɗaya har suka buƙaci juna ba.

Take ya ce dukansu abu ɗaya ne, amma cikin darasin jerin bambance-bambance ne. Abin da ya haɗa su bai wuce taken kansa ba. Alhali kuwa abubuwan haɗin suna nan, a cikin misalan da littafin ya kawo ma. Bikin Pongal a tsakiyar Janairu ake yin sa, bikin kaka ne, ana dafa sabuwar shinkafa da madara da mazarƙwaila a tukunya har ta tumbatsa. A waɗannan kwanakin ne mutanen Panjab ke hura wutar Lohri su kewaye ta, mutanen Assam ke shagalin Magh Bihu, yaran Gujarat kuma ke hawa saman soraye suna sakin jiragen takarda a iska da dogon zare a bikin Uttarayan. Lokaci ɗaya ne, murna ɗaya ce ta shigowar amfanin gona da juyawar rana, sunaye ne suka bambanta. Yaron da aka koya wa cewa Pongal na Tamil Nadu ne, an ba shi reshe an ɓoye masa itacen.

Ban da biki ma, me yaran Indiya suke tarayya a kai a kowace rana? Jiran damina. Jirgin ƙasa. Wasan kurket a lungu da ɗan katako. Abincin rana da gwamnati ke dafa wa yara sama da miliyan 100 a makarantu. Kakar da ke ba da tatsuniya da dare. Waɗannan ba su da ƙyalli kamar tufafin rawa, amma su ne ɗan Kerala da ɗan Panjab za su ji su ce, ai mu ma haka muke.

Inda ɓarnar take

Matsala ta uku ba daga littafin kaɗai take ba, daga abin da ake yi da shi ne. Kowane darasi na NCERT yakan haifi ɗimbin takardun atisaye da littattafan amsoshi da ƴan kasuwa ke bugawa ko su saka a intanet. A nan ne za ka ga an ce cike gurbi: mutanen jiha kaza suna rawar me? Ko a ce ja layi ka haɗa jiha da bikinta. Tambayar nan mai rai da aka yi wa yaro game da kansa ba ta da amsa ɗaya, don haka ba ta da daɗin ba da maki. Wadda ke da daɗin maki ita ce ta raƙumi da Rajastan. Sai a wayi gari abin da ya fi daraja a darasin an tsallake shi, abin da ya fi rauni kuma ya zama hadda.

A tuna kuma su wane ne masu haddar. Binciken ASER na 2022, wanda ƙungiyar Pratham ke gudanarwa a ƙauyukan Indiya, ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin huɗu ne na ƴan aji biyar ke iya karanta jimla mai sauƙi ta Ingilishi. Idan haka abin yake a aji biyar, to ɗan aji biyu a ƙauye sauti yake maimaitawa. Abin da zai tsaya masa shi ne hoton. Shi ya sa hoto a littafin ƙananan yara ya fi rubutu nauyi. An daɗe ana sukar Amar Chitra Katha a kan yadda tsofaffin zanensa ke fito da jarumai farare, miyagu kuma baƙaƙe. Ba a rubuta hakan da kalmomi ba, amma yara sun karanta.

Ana iya yin wanda ya fi

Wani zai ce na matsa wa darasin lamba, ɗan shekara bakwai ba zai ɗauki tarihin 1956 ba. Gaskiya ne, ni ma ban ce a koya masa ba. Amma sauƙi daban, taƙaita mutum daban. Da jimlolin nan guda uku za a iya sa yaro ɗaya ya ce yana jin harshe biyu. Za a iya sa wata ta ce an haife ta a wannan jiha amma kakarta tana waccan. Babu sabuwar kalma mai wuya da aka ƙara, amma ƙofa ta buɗe wa miliyoyin yara.

Misalin ma yana cikin gida. A Mridang na aji ɗaya akwai tsohuwar tatsuniyar mai saida huluna da birai, inda birai suka kwashe hulunansa yana barci, ya lura suna kwaikwayon duk abin da ya yi, sai ya jefar da tasa hular, su ma suka jefo nasu. Babu sunan jiha a ciki, amma yaro daga kowane lungu zai yi dariya a wuri ɗaya. Wannan dariyar ita ce tarayya.

Kamfanin Tulika na birnin Chennai, wanda aka kafa a 1996, ya nuna wata hanyar. A littafinsa Ismat's Eid na Fawzia Gilani-Williams, wani mai ɗinkin takalma ya sayi wandon Sallah ya yi masa tsawo. Matan gidan kowa na cikin hidima, sai ya rage da kansa. Daga baya matarsa da mahaifiyarsa da ƴarsa kowace ta tausaya masa ta je ta rage a ɓoye, ranar Idi wando ya koma ɗan guntu. Yaron da bai taɓa yin Sallah ba zai fito daga labarin ya san ƴan gidan nan kamar maƙwabtansa, ba tare da an ce masa ga yadda Musulmi suke ba. A wani littafin na Tulika, The Why-Why Girl na Mahasweta Devi, wata yarinya ƴar ƙabilar Shabar mai suna Moyna tana kiwon awakin wasu, ba ta gajiya da tambayar me ya sa, har tambayar ta kai ta ga karatu. Ita ma ƴar Indiya ce, amma ba irin wadda ake hawa da ita motar fareti ba ce.

Abin da ya shafe mu

Ban ɗauko wannan darasi don in yi wa Indiyawa dariya ba. Mu da muka yi lakwal mun san abin a jikinmu. Mamadou et Bineta, littafin da André Davesne ya rubuta tun zamanin mulkin mallaka, sunayen Afirka ya ɗauka, amma idon da ya kalli Afirkar ba namu ba ne. Sa sunan gida a littafi mataki ne, ba shi ne ƙarshen tafiya ba.

Yanzu da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, ko ba jima ko ba daɗe wasu daga cikinmu za a nema su rubuta irin wannan darasi ga yaranmu. Na san abin da hannu zai fara rubutawa: Buzu da raƙumi, Bafillace da saniya, Bahaushe da kokowa, kowa da rawaninsa. Kafin mu rubuta, mu tuna da yaron Yamai wanda ubansa Bahaushe ne, uwarsa Bazabarma, abokin wasansa Babarbare. Mu tambayi kanmu ko jimlarmu tana da wurin da zai zauna.

Hukuncina a kan darasin Mridang shi ne: ya yi kyau a inda ya yi tambaya, ya yi rauni a inda ya ba da amsa. Malamin da ya rufe littafin bayan karatu ya bar yara talatin su faɗi harsunan gidajensu da abin da ake dafawa ranar biki, ya koyar da Ingilishi kuma ya koyar da Indiya. Wanda ya tsaya a cike gurbi kuwa, ya koyar da raƙumi.

Allah Ya sa mu dace.